Katin da Hunturu Ya Kantara

Duk wanda ya yi shekara guda cur a Garwa ya san kayan ɗakinsa ba sa zama yadda ya bar su. Ƙofar katakon da take rufuwa salin-alin a watan Fabrairu, idan Agusta ta zo sai an sa mata kafaɗa. Makaɗi ya san fatar gangarsa tana ɗamewa da hunturu, tana saki da damina har sai an kara ta a bakin wuta. Littafin da ka bari a kan tebur da dare, da safe ka tarar bangonsa ya ɗaga kai kamar zai gaishe ka. Mun saba da waɗannan har mun daina lura. Wanda ba mu saba da shi ba tukuna shi ne ɗan katin nan mai ƙyalli, mai hoton ɗan ƙwallo, da yaranmu suke tarawa yanzu, wanda yake kantarewa kwana biyu da shigowarsa garin nan.

Shirin wasanni nake gabatarwa a rediyo, kuma tambayar ta sha zuwa mini ta saƙon waya, daga yara, wani lokaci daga iyayensu: kati ya lanƙwashe, a goge shi da dutsen guga ne, ko a danne shi da bulo? A iska minti biyu ake ba irin wannan magana, ga sakamakon wasan Coton Sport yana jira, ga mai kula da na'ura yana nuna mini agogo ta bayan gilashi. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta amsar da tsawonta.

Tara hotunan 'yan ƙwallo tsohon abu ne. 'Yan gidan Panini na birnin Modena a Italiya sun fara sayar da su a 1961, kuma a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko suka fitar da kundinsu na farko na gasar. Mu da muka tashi a nan, namu a cikin cingam muke samu, takarda ce zalla, mu cusa a aljihu, mu yi caca da su a bayan aji har su zama kamar tsumma. Ba su kantarewa sosai, domin gaba da baya duk abu ɗaya ne. Na yanzu daban suke. Akwai Match Attax na kamfanin Topps da ya fito a 2007, akwai Adrenalyn XL da Prizm na Panini, ga na Pokémon ga yaran da ba ruwansu da ƙwallo. Wasu 'yan'uwa ne ke kawo su tsaraba daga Faransa, wasu daga shagunan Duwala da Yawunde, wasu 'yan kasuwa ke shigowa da su ta Yola da Mubi, na gaske da jabu a kwali ɗaya. A ganina abin ya ƙaru tun watan Janairun 2022, lokacin da filin Roumdé Adjia ya karɓi rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau a gasar cin kofin Afirka. Yaron da ya ga Mohamed Salah da idonsa a unguwarsu, ya ga Kelechi Iheanacho ya ci Masar ranar 11 ga wata, ba zai ƙara kallon kati a matsayin takarda kawai ba.

To me ke kantara shi? Ɗauki katin ka duba gefensa a haske, za ka ga falle-falle ne aka haɗa. Bayansa kwali ne, wato takardar da aka yi da zaren itace. Fuskarsa leda ce siririya da aka fesa wa alminiyam, ita ce mai sheƙin, a kanta aka buga hoton. Gam ya riƙe su. Takarda tana shan danshin iska ta kumbura, tana rasa shi ta tsuke, kamar dai ƙofar da na ambata. Leda kuwa ko a jikinta, danshi bai dame ta ba. Manomin auduga zai gane wannan da sauri: shanu biyu a karkiya ɗaya, ɗaya ya ja baya ɗaya ya tsaya cik, dole garma ta karkace. Kuma da yake zaren takarda ya fi kumbura ta faɗinsa fiye da tsawonsa, shi ya sa katin yake lanƙwashewa ta fuska ɗaya kullum, kamar indararo.

Maɗaba'un da ke buga irin wannan kaya suna riƙe danshin ɗakunansu a wajen rabi, tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A cikin wannan iska aka manna fallayen, a cikinta ne kawai tsawonsu yake daidai. Mu kuma a Garwa, da rana a Fabrairu da Maris danshi kan sauka ƙasa da kashi 20, zafi ya haura digiri 40 kafin Afrilu ta ƙare. A Agusta, lokacin da Binuwai ya cika ya batse, danshin kan wuce kashi 80. Kati ɗaya, shekara ɗaya, sai ya lanƙwashe sau biyu, kowane ta fuskarsa.

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne yawancin masu gyara suke ɓata rawarsu da tsalle. Kafin ka yi komai, ɗora katin a kan gilashi ko tayil, hoton yana kallon sama. Idan tsakiyarsa ta yi tozo, gefunan suna taɓa ƙasa kamar bayan kunkuru, takardar ta bushe ne ta tsuke, ƙishi take ji. Idan gefunan ne suka ɗaga, tsakiyar ta zauna kamar ƙwarya, ta sha danshi ne ya yi mata yawa. Ciwo biyu ne masu kishiyantar juna, maganin ɗaya gubar ɗaya ne. Da yawa daga bidiyoyin da yaran ke kalla a intanet cewa suke a rufe kati da 'yan ƙunshin silika masu tsotse laima. Ga wanda ke Duwala, inda riga ke kwana a igiya ba ta bushe ba, shawarar daidai ce. Ga yaron Yelwa ko Lopéré a tsakiyar hunturu, kamar a ba mai ƙishirwa garin rogo ne ba ruwa.

Ɗan yayata ne ya sa na bi maganar har ƙarshenta. Shekararsa 12, mahaifinsa yana aiki a Duwala, sau biyu yake zuwa gida a shekara. A wani Disamba ya hau jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa Ngaundere, ya kama mota zuwa Garwa, ya kawo wa yaron kati mai ƙyalli na Vincent Aboubakar. Sai ɗan Garwa ne zai san nauyin wannan tsaraba. A nan aka haifi Aboubakar a 1992, a Coton Sport ya fara, shi ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da muka karɓi baƙuncinta, guda 8, kuma shi ya zura wa Barazil ranar 2 ga Disamba 2022 a Katar, ya tuɓe riga, alƙalin wasa ya kore shi yana murmushi. Katin ya iso a miƙe sambal. A rana ta uku ya yi doro. Abokan yaron suka ce ai jabu ne, na gaske ba ya lanƙwashewa, an cuci babanka. Yaron bai yi kuka ba, amma ya daina fita da shi, kuma ya daina yi wa uban maganarsa, abin da ya fi kukan ciwo. Uwar ta ce a kai wa mai guga na bakin layi. Uban ya ce a kai a lulluɓe shi da leda a inji kamar takardar haihuwa. Yaron ya zo wurina da shi a cikin littafin lissafi, ya ce, "Kawu, da gaske jabu ne?"

Na ce masa kantarewa ba ta nuna jabu. Na gaske ma yana yi, har wanda aka ciro daga sabon ƙunshi. Kilomita fiye da dubu katin ya yi daga bakin teku, ya baro iskar da ta jiƙe ya shigo wadda ke fasa leɓe. Ya kalle ni irin kallon da yara ke yi wa babban da suke zaton lallashi yake. Sai na ce ya samo mini robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, da gishiri, da murfin kwalba.

Ga yadda ake yi, kuma a nan zan ɗan daɗe. A wanke robar, a bar ta ta bushe sarai. A cika murfin kwalba mai ɗan faɗi da gishirin miya, a ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashin bakin kogi. Kada ya narke ya zama ruwa. A ajiye shi a kusurwa ɗaya ta robar. A ɗaya kusurwar a shimfiɗa farar takarda mai tsabta wadda ba rubutu, a kifa katin a kanta, bayansa yana sama, domin bayan ne mai ƙishin. Kada ruwa ko gishiri ya taɓa shi ko kaɗan. A rufe, a ajiye a inuwa, inda ba mai tuntuɓe da ita.

Me ya sa gishiri? Domin jiƙaƙƙen gishiri a cikin rufaffen mazubi yana tsayar da danshin iska a kashi 75, ba ya bari ya wuce. Masu ɗakunan gwaji ma da shi suke auna ko na'urar auna danshi tana faɗin gaskiya. Idan tsumma mai ruwa ka saka, ko auduga jiƙaƙƙiya, iskar ciki za ta yi ta cika har ta ƙoshi, kuma da sanyin asubar hunturu raɓa za ta taru a murfi ta ɗigo a kan katin. Ɗigo ɗaya ya isa ya bar tabo ya kumbura gefe, shi kuwa ba ya gyaruwa. Akwai masu yi da tsumman su dace, amma sai da tsaro kamar mai dafa madara. Gishirin ya fi sauƙin kai, ga shi a kowane madafi.

Sai jira. Bayan katin yakan kasance da ɗan shafe mai santsi, saboda haka danshin a hankali yake shiga, galibi ta gefuna. Wani kati awa huɗu ya ishe shi, wani sai ya kwana, mai kauri irin Prizm ya fi jan lokaci. A riƙa leƙawa duk bayan awa biyu, idan robar mai garai-garai ce ba sai an buɗe ba. Abin lura shi ne a ciro shi tun bai gama miƙewa ba, yana da sauran ɗan doro kaɗan, domin danshin da ya shiga gefe bai gama ratsa tsakiya ba, zai ci gaba da aiki bayan an fitar. Wanda ya jira sai ya kwanta ɗas, zai iya wayar gari ya ga ya juya ta ɗaya fuskar. Kuma kada a manta shi a ciki kwana da kwanaki, domin daga wajen kashi 70 zuwa sama fumfuna take samun wurin zama.

Bayan an ciro ne nauyi yake da amfani. A saka katin a 'yar rigarsa ta leda, a sa tsakanin abubuwa biyu masu santsi da tauri, gilashi ko bangon littafi mai ƙarfi, a zura duka cikin leda mai zif a rufe, sannan a ɗora littattafai uku ko huɗu. Kwana biyu. Nauyin yana riƙe shi ne a miƙe yayin da danshin ke daidaita a jikinsa. Danne busasshen kati da nauyi kaɗai kuwa, ko da buhun siminti ne, aikin banza ne. Kana ɗagawa zai koma yadda yake, tunda bayansa har yanzu ya fi fuskarsa gajarta.

Na yaron ya ɗauki dare ɗaya da rabin yini. Ya leƙa robar ya fi sau talatin. Da muka ɗaga littattafan a rana ta uku, ya ɗora shi a kan tayil, ya kwanta rubda ciki yana duba ko haske na wucewa ta ƙarƙashi. Bai ce mini komai ba, ya ɗauka ya nufi ɗakin uban.

Na damina ya fi sauƙi. Roba ɗaya ce, sai dai maimakon gishiri a saka ƙunshin silika ɗaya ko biyu, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi ko na waya ko a kwalbar magani. A riƙa dubawa, a ciro kafin ya gama. Tsohon ƙunshin da ya daɗe a buɗe ya riga ya ƙoshi, ba ya tsotsar komai. A wasu ƙasashe a tanda suke gasa shi a zafin digiri 120 ya dawo aiki. Mu Allah ya ba mu Maris: a shanya su a faranti yini guda a rana, a zuba a kwalba a toshe, a ajiye wa Agusta. A nisanta su da ƙananan yara, suna kama da sukari. Shinkafa da ake yawan faɗa, ƙarfinta kaɗan ne, ga gari da take bari a jikin kati.

Dutsen guga kuwa, na gawayi ko na lantarki, a bar shi ga riga. Zafi yana sassauta gam, ledar ta yi ƙuraje ko ta ɓare daga kwalin, sheƙin ya dushe. Ko da an dace bai ƙone ba, zafin ya ƙara busar da takardar da bushewa ce ciwonta tun farko. Haka shanya shi a rana, haka barin shi a gaban mota. Lanƙwasa shi da hannu ta ɗaya fuskar ma yana da daɗi a ido na minti biyar, amma idan yatsa ya ɗan zarce, farin layi zai fito a fuskar, kuma karaya ce, ba gishirin da ke ɗinke ta. Robar ɗaure kuɗi tana cin gefuna. Ƙurar hunturu kuma kada a goge ta da bakin riga, yashi ne mai laushi, yana karce ledar. A kaɗe ta da mafici ko burushi mai taushi.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne injin lulluɓe takarda. Mu mutanen nan muna da wata soyayya da shi. Takardar haihuwa, difloma, katin rigakafi, hoton aure, duk sai an kai an gasa su cikin leda, har mutum ya ji hankalinsa ya kwanta. Na san dalili, gara da ruwan sama sun ci mana takardu da yawa. Amma injin da zafi fiye da digiri 100 yake aiki, kuma abin da ya manna ya mannu ke nan har abada. Masu adana tsofaffin takardu a manyan ɗakunan tarihi sun daɗe da daina wannan, domin ƙa'idarsu ita ce kada ka yi wa takarda abin da ba za a iya warwarewa ba. Katin da aka lulluɓe zai miƙe, babu shakka. Sai dai a wurin masu tarawa ya tashi daga kati, ba mai musaya da shi ko da alewa.

Maganar kuɗi ma tana ciki, ko da yake ba na son cika wa yara kunne da ita. A Amurka akwai kamfanoni irin PSA da ke duba kati da madubin ƙara girma, su ba shi maki daga 1 zuwa 10 bisa lafiyar fuska da gefuna da kusurwoyi. A 2021 Logan Paul ya mallaki wani katin Pikachu mai maki 10 a kan dala miliyan 5 da dubu 275. A cikin cinikin ya haɗa da irin katin sak mai maki 9, wanda aka yi wa kuɗi dala miliyan 1 da dubu 275, ya cika miliyan 4 a kai. Maki ɗaya ke nan. Yawancin katunan da ke aljihun yaran Garwa ba su kai sefa 500 ba, kuma ba za su taɓa ganin Amurka ba. Duk da haka yaron da ya iya riƙe abin sefa 500 shekara biyar ba karce, ni ina ganin ya koyi wani abu da ba a koyarwa a aji.

Saura ajiya, wadda ita ce rabin aikin. Katin da ka miƙar da gishiri, ka bar shi a kan tebur a Janairu, kafin la'asar ya koma gidan jiya. Dole ya zauna a rufe da iskar da ta yi masa daidai: rigarsa ta leda mai laushi, sannan mai tauri idan akwai, sannan leda mai zif ko roba mai murfi. A guji ledar nan mai warin sabon labulen banɗaki, da daɗewa tana yin maiƙo ta manne wa hoto. Katuna da yawa a jere a matse sun fi ɗaya tilo zama lafiya, suna riƙe juna. Ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Malaman da ba su ɗinke littattafansu, warƙa-warƙa suke barin su, a sa tsakanin bango biyu masu tauri, a naɗe da tadarishi, a zura a gafaka, a rataye nesa da ƙasa. Littattafan da aka yi wa haka sun ga hunturu da damina fiye da ɗari suna nan a miƙe. Mai hali yana iya yin odar ƙunshin Boveda, wanda aka yi don ajiyar sigari da jita, yana ba da danshi idan ya yi ƙasa, yana tsotsewa idan ya yi yawa. Mai lamba 49 ko 58 ya wadatar. Wanda ba shi da hali, ya buɗe robarsa sau biyu a shekara, a Nuwamba idan iska ta juya da kuma Yuni idan ruwa ya zauna, ya ɗora kati ɗaya a tayil ya ga ta ina ya karkata.

Akwai kuma 'yan makonni a shekara da ba a bukatar komai. Bayan ruwan farko, wajen watan Mayu, da kuma ƙarshen Oktoba kafin ƙura ta sauko, iskar Garwa takan bi ta daidai inda maɗaba'ar ta tsayar da tata. A kwanakin nan za ka buɗe akwati ka tarar katunan da suka yi wata huɗu da doro sun kwanta da kansu. Mai son ɗaukar su hoto, ko musaya, ko nuna wa abokan da suka ce jabu ne, ya jira lokacin.